Mudu Biyu a Idon Hamdiyya

Na'Allah ya shekara talatin yana awon gero a kasuwar Bagudo, saboda haka ba ya yarda da duk mai awo. Shi kansa mudu biyu gare shi, babba na saye daga manoman Geza, ƙarami na sayarwa.

'Yarsa Hamdiyya, malamar firamare a Bahindi, ta gaji da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ita ta matsa har ya kai ta wani asibitin ido a ƙetaren iyaka, cikin Benin, inda ake gyaran gani da hasken leza. Likitar ta ce sai ta auna kaurin tantanin gaban ido, don daga jikinsa ake kankarewa. In ya cika siriri, ido na iya lalacewa bayan aikin.

Ta ɗiga wa Hamdiyya magani, ta taɓa idon da wani abu kamar biro, ta rubuta 512. Sannan ta zaunar da ita gaban wata na'ura mai haske wadda ba ta taɓa ido, ta rubuta 484.

Nan Na'Allah ya gyara zama. Ai ga shi nan! Ido ɗaya, awo biyu.

"Likita," ya ce, "wane na mudun saye, wane na na saisuwa?"

"Kowace na'ura da yadda take gani, Alhaji. Mai taɓawar takan ƙara kaɗan, musamman in ba a dace da tsakiyar idon ba."

"To da wane za ki aiki?" Ya riga ya san amsar. Wane mai sana'a ne zai kori ciniki?

"Da ƙaramin, shi kuwa bai isa ba. Ba zan yi mata aikin ba."

Ya zuba wa likitar ido yana neman inda dabarar take. Bai gano ba, abin kuwa ya ba shi haushi.

Hamdiyya ta fashe da kuka. "Baba, ka roƙe ta mana! Ai gudan ya ce ya isa. Ta yi da babban."

Tausayinta ya kama shi. Ya buɗe baki zai roƙa, don ba a taɓa kayar da shi a ciniki ba, sai ya fasa. Shekara talatin yana kallon fuskar waɗanda ake auna wa da babban mudu, ya san sarai wa ke kwana da asara.

Ya ɗauki tabaran daga kan tebur, ya goge shi da bakin rigarsa, ya miƙa mata.

"Sa abinki, ɗiyata. Mu tai gida."