Hannun Daman Yaya Gado

Yaya Gado mai awon hatsi ne a kasuwar Ƙaura. Ni ƙanwarsa ce, zan iya rantsuwa bai taɓa tauye wa kowa tiya ba. Taurin kai dai yana da shi, kuma shi ya ja masa.

Shekara biyu da fara Shari'a, yatsarsa ta dama ta kumbura. Likita ya riga ya gaya masa yana da ciwon suga, ko ƙaya ta soke shi ya zo asibiti. Ina! Sai ya tafi Zurmi wajen wani wanzami a yi masa sakiya. Aka gasa ƙarfe ya yi jajir, aka luma a yatsa, ko gezau bai yi ba.

"Wanga namiji na!" in ji wanzamin. Maza suka yi ta yaba masa, ya dawo gida yana hura hanci.

Kwana tara tafin ya yi baƙi har wuyan hannu. A asibitin Gusau likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce jiki ƙananan ƙwayoyi ne masu aika wa juna saƙo. Akwai saƙon da ke cewa su buɗe su karɓi suga, na yayana sun daina amsawa. Sugan ya taru a jini, ya lalata jijiyoyin da ke kai labarin zafi. Ashe ba jarumta ba ce, hannun ne ya kasa faɗa masa ana ƙona shi. Washegari aka yanke hannun.

Da ya warke ya ɗauki gero zuwa Shinkafi ranar Alhamis, na raka shi. Can ba a san shi ba. Mutane suka riƙa kallon dungulmin, na dama, an yanke daidai wuyan hannu, suna janye buhunansu. Har azahar ba wanda ya tsaya awo. Na ji kamar in tsine wa kasuwar gaba ɗaya.

Can wata tsohuwa ta matso, da tausayinta kuwa. "Allah shi shirye ka, ɗana. Ka bar taɓa kayan mutane."

"Inna, asibiti anka yanke shi," ya ce. Ya lalubo takardar likita da hagu, ya miƙa mata.

Ta jujjuya ta, ta duba rubutun Turancin da tambarin gwamnati a sama, ta mayar masa.

"Ai na sani," in ji ta. "Dukkansu asibiti anka yanke musu."