Wankin Cikin Tsohuwa

Tun da mahaifinsu ya rasu, babbar motarsa take ajiye a bayan gareji, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta fara lotsawa. Tsohuwa suke ce mata. Kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai, tayoyinta sun nutse a ƙasa. Babban ɗan marigayin, wanda duk layin ke kira Bakanike, kullum ta gefenta yake wucewa, amma bai cika dubanta ba. Ya san abin da ke cikinta. Tsohon nasu bai taɓa yarda da juye baƙin mai ba. In ya ragu sai ya ƙara wani a kai, ya ce mai ai mai ne.

Ƙaninsa Auta ne ya tayar da maganar. Direba ne, kamfanin da yake yi wa tuƙi ya rufe, zaman gida ya ishe shi. Ya ji ana neman motocin ɗaukar dutse daga wurin da ake fasawa a kan tudu, can bayan gari.

"Yaya, ka taimaka mu tashe ta," in ji shi. "Ko tari ta yi na ji, hankalina ya kwanta."

"Tashinta ba wuya," Bakanike ya ce. "Bayan ta tashi nake ji."

Amma Auta autan Inna ne, kuma tun yana goye ba a iya ce masa a'a. Suka sa mata batir, suka ba tayoyi iska, suka zuƙe tsohon man da ya ruɓe a tanki. Ta yi gardama, ta yi aman hayaƙi, daga baya ta kama, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da Bakanike ya kwance murfin saman injin, sai duka biyun suka leƙa ciki. Ba a ganin ƙarfe ko ɗaya. Baƙar dauɗa ce ta daskare ta rufe komai, kamar an narka kwalta an zuba. Ya caka mata sukundireba, ta tsaya cak ba ta faɗi ba.

Washegari Auta ya dawo rungume da galan na jan man giya, irin mai ruwa-ruwan nan da ake zuba wa motocin da ke canza giya da kansu. Ya ce wani abokin tuƙinsa ne ya ba shi dabarar: a rage baƙin mai, a cika da wannan, a bar injin ya yi zafi, a juye. Duk dattin zai biyo.

Bakanike ya san dabarar, ya ma taɓa yi wa ƙananan motoci. Ya juya galan ɗin a hannunsa.

"Yana wankewa," ya ce. "Abin da ba a sani ba shi ne inda dauɗar za ta nufa in ta saki. Akwai rariya a ƙasa, ta cikinta famfon ke zuƙar mai. In ta toshe, injin zai bushe yana gudu. Kuma robobin da ke tare mai duk sun ƙeƙashe. Dauɗar nan da kake ƙyama, ita ta liƙe ramukan."

"To a bar ta da dattinta ke nan?"

"A'a. A wanke, sannan in sauke kaskon ƙasa, inda mai ke taruwa, in duba rariyar da idona. Kafin nan ko ƙofar gareji ba za ta leƙa ba."

Auta ya ce ya ji.

Gidansu jikin garejin yake. Da Inna ta ji ƙarar injin sai ta fito da kujerarta ta zauna a bakin ƙofar baya. Kafin jiya ta daɗe ba ta ji wannan ƙarar ba, fuskarta ta nuna.

"Wankin ciki za ku yi mata?" ta ce. "Ku bi a hankali. Mu tsofaffi ba ma jure wa irin wannan magani."

Auta ya yi dariya. Bakanike ya zuba jan man ya bar injin yana aiki a tsaye. A hankali karkarwar ta ragu, ƙwanƙwasar da ke saman injin ta ɗauke, har sautin ya koma sumul. Auta ya dafa bonet yana murmushi. Shi kuwa Bakanike shirun ne bai yi masa ba. Ya saba da injin da ke faɗin ciwonsa.

Ya kashe ta, ya shiga ƙarƙashi, ya kwance noti. Abin da ya fara zubowa ba mai ba ne, gudaji ne baƙaƙe, suna faɗowa cikin daro ɗaya bayan ɗaya. Sai ruwan ya biyo baya, baƙi da ratsin ja, mai wari kamar ƙonanniyar roba. Ya ja daron zuwa rana, ya tsoma yatsu ya murza. Wani abu ya yi masa kaushi. Ya ɗaga hannun. Cikin baƙin akwai ƙananan ɓurɓushi masu ƙyalli, launin tagulla.

Bai nuna wa Inna ba. Ya ja Auta gefe.

"Ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Za ni kasuwa in nemo gasket ɗin da ke hana kaskon yoyo, da sabuwar filtar mai. Kada ka taɓa ta."

"Ko sabon mai kada in zuba?"

"Zuba in kana so. Amma kada ka tashe ta."

Kayan mota mai shekaru irin nata ba a samun su a shagon farko. Wannan ya tura shi wurin wancan, wancan ya ce sai a ƙarshen layin 'yan gwangwan. Rana ta karkata kafin ya samu. Ya ɗaure kayan a bayan babur ya kamo hanya, kuma tun daga nesa ya hangi ƙofar garejin a wangale.

Ƙarƙashin rumfar ba komai sai ramukan da tayoyi suka bari, da daron, da kujerar Inna a bakin ƙofa. Ya kira wayar Auta. Ta yi ƙara a kan teburin kayan aiki, kusa da hannunsa.

Mai facin da ke tsallaken titi ya ɗago daga tayar da yake bugu.

"Sun ɗan fita gwaji. Ya ce zai leƙa wurin fasa dutse su ga motar, ya dawo. Innarku ma ta hau, ita ta ce tana so. Ni na kama mata hannu ta taka."

Bakanike ya dubi ƙasa. Daga bakin ƙofar akwai ɗigon mai a kan kwalta, ƙarami kamar ƙwayar wake. Gaba kaɗan akwai wani. Ya juya babur ya bi su.

A cikin gari ɗigon jefi-jefi ne, yana ɓacewa a mahaɗa ya sake bayyana. Bayan gidan mai na ƙarshe suka fara matsowa kusa da juna. Da hanya ta fara hawa, sai suka haɗe suka zama zare ɗaya, siriri, mai sheƙi. Yana tafe yana lissafin abin da kaskon ke ɗauka da abin da yake gani a ƙasa, sai ya daina, don lissafin bai yi masa daɗi ba.

A ƙofar wurin fasa dutse akwai ɗan tafki baƙi inda ta tsaya. Mai gadi ya ce e, sun zo, har an zuba musu rabin lodi don a ga ƙarfinta. Sun sauka ta ɗaya hanyar, wadda ta fi kusa da gari. Ita ce mai gangare.

A kan gangaren zaren ya yi ta sirancewa, ya koma ɗigo, ya ɗauke. Kwalta ta zama fes. Bakanike ya gane. Ba yoyon ne ya tsaya ba, man ne ya ƙare.

Can ƙasa kaɗan ya ga baƙin sawun tayoyin baya, gajere, an ja su a kan kwalta. Ya karanta shi kamar rubutu. Injin ya cije, tayoyi sun kulle, Auta ya taka kuloci don kada ta juye da su. Daga nan ta tafi sakaka da dutse a bayanta. Birkinta na iska ne, kuma injin da ya mutu ba ya tara iska. Duk taka birkin da zai yi, abin da ya rage a tanki yake ci.

Kwanar farko ba kowa. Ya rage gudu, ya leƙa ramin da ke hagu, bai ga komai ba sai duwatsu da ciyawa. A kwana ta biyu ya ga gefen tudun dama a kankare, jar ƙasa sabuwa a zube, madubin mota a tsakiyar hanya, sai takalmin roba guda ɗaya. Ya san takalmin. Shi ya sayo wa Inna.

Tsohuwar motar tana bayan kwanar, ta kifa hancinta cikin gindin tudu, gefenta na dama duk ya yage. Auta ya yi ta goga ta da jikin tudun har ta tsaya. Dutsen ya zube ya tare rabin hanya. Wani hayaƙi fari yana fita daga ƙarƙashin bonet, ba ƙara ko kaɗan.

Inna na zaune a kan wani dutse, ƙafa ɗaya ba takalmi, goshinta ya fashe kaɗan, ta danne da bakin mayafi. Auta na tsugune a gabanta riƙe da hannunsa na hagu, wanda ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Da ya ga yayansa ya yunƙura zai tashi.

"Yaya, fitilar mai ta kama tun a sama. Na ce bari in lallaɓa mu sauka."

Bakanike ya durƙusa ya duba goshin Inna, ya tattaɓa kafaɗunta da gwiwoyinta.

"Kada ka yi masa faɗa yanzu," ta ce. "Ni na matsa. Ka bari a ɗaure hannun tukuna."

Wata motar ɗaukar dutse da ta biyo baya ita ta kai su asibiti. An ɗinke goshin Inna, an sa wa Auta filasta har kafaɗa. Faɗan kuwa ba a taɓa yin sa ba. Da aka jawo motar gareji, Bakanike ya sauke kaskon shi kaɗai, ya tarar da rariyar a toshe tam, ya ajiye ta a kan tebur inda Auta zai gani. Auta ya gani. Hannun ya warke amma bai miƙe sosai ba, kuma da wani ya zo neman direban babbar mota, sai ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Har yanzu yana garejin, yana miƙa wa yayansa sifana da hannun dama.