Lahadin da Fasto Ya Karanta Matiyu

Shekara da shekaru Fasto yana haɗa labarin haihuwar Almasihu na Matiyu da na Luka a tukunya ɗaya, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Makiyaya su shigo ta dama, masanan taurari su shigo ta hagu, a yi waƙa a watse. Sai bana, da hayaƙin kamfanin narka ƙarfe ya fara kwantar da yaran unguwa, kowa ya zama malamin Littafi.

Ikilisiya ta rabu biyu. Masu son tashi daga unguwar suka ce ai ga shi nan a Matiyu: an gaya wa Yusufu a mafarki ya ɗauki yaro da uwarsa ya gudu Masar, kuma bai tsaya neman shawara ba. Masu son zama suka ce a buɗe Luka, ina gudu, ina Masar? Haikali suka kai yaro, suka koma garinsu, ya girma lafiya lau. Duka suka zuba ido su ga wanne Fasto zai karanta ranar Lahadi.

Dattijon ikilisiya, wanda kuma shi ne shugaban ma'aikata a kamfanin, ya same shi yana goge baƙin da ya kwanta a kan kujeru.

"Fasto, rabin mutanen nan a kamfani suke ci. Ka karanta musu gudu, to kujerun nan za ka riƙa yi wa wa'azi."

"Baba, ai duka biyun maganar Allah ce."

"Shi ya sa na ce ka zaɓa da hankali," in ji Dattijo, ya dafa masa kafaɗa da nauyi.

A gida ma ba sauƙi. Matarsa ta toshe tagogi da tsumma mai ruwa, ɗakin ya zama kamar cikin akwati, ga Auta, 'yarsu, tana tari har idanunta su yi ja. Likita ya ce maganin ɗaya ne, a fitar da ita daga iskar nan. Fasto ya roƙi na sama da shi a coci su sauya masa wuri, suka ce ya ƙara haƙuri. Haƙuri! Su da ke zaune inda tsuntsaye ke kuka.

Ya zauna yana yi wa matar bayani irin na makaranta. Wai ba faɗa marubutan suke yi ba. Matiyu ya nuna Almasihu da mugun sarki ya kora tun yana goye, Luka ya nuna shi a hannun talakawa masu tsoron Allah, kowanne ya ɗauki abin da masu sauraronsa ke bukata.

"Baban Auta," ta ce, ba ta ko ɗago daga ninke kaya ba, "a cikinsu wanne ne 'yarsa ke tari?"

Ta ce yayanta zai zo da mota ranar Lahadi bayan sujada, kuma akwai wurin mutum uku. Gaskiyar magana, Fasto so yake ya tafi, so ƙwarai, har kunyar kansa yake ji.

Ranar Lahadi cocin ya cika har baranda. Ya buɗe Matiyu. Dattijo ya yi gyaran murya mai ƙarfi, Fasto ya yi kamar bai ji ba. Ya karanta mafarkin Yusufu, ya karanta tafiyar, yana kai su Masar ya rufe Littafin. Ya ce duk mai dangi a wani wuri ya ɗauki ɗansa ya tafi, ba rashin bangaskiya ba ne, Ubangiji ma an gudu da shi. Wasu mata suka fashe da kuka. Matarsa ta dube shi da fuskar da ya daɗe bai gani ba, shi kuwa ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Yana bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a, motar surukinsa tana jira a tsallaken titi, sai ga wata mai wankau da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta uku riƙe da zanenta. Ba mai yawan magana ba ce. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Fasto, ka yi mini afuwa, amma ba ka ƙarasa ba. Sauran yaran Baitalami fa, waɗanda ba a yi wa iyayensu mafarki ba? Ai sarki kashe su ya yi."

Da gangan Fasto ya tsallake wurin, kuma ya sani.

"Ni ba ni da Masar," ta ce. "Ba ni da kowa ko'ina. Ba na ƙin a tafi, wallahi Allah ya kai su lafiya. Tambaya kawai nake, idan abin ya zo kan namu yaran, wa zai yi mana addu'a? Kai ma tafiya za ka yi?"

Duk waɗanda suka rage a barandar irinta ne: tsofaffi, masu gadi, masu shara. Matarsa tana tsaye kusa, Auta a kafaɗarta.

"Ina nan, Mama," ya ji bakinsa ya faɗa.

Matarsa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo masa Auta ya rungume, ta ƙyale shi har sai da yayanta ya danna oda. Sannan ta karɓi 'yarta a hankali, ta ciro makullin gida daga jakarta ta sa masa a hannu, ta tsallaka titi.