Waƙar Auren Perpetual

"Maman Surayya! Yanzu fa, ya yi ƙiba?" Oga Kingsley ya ƙwala mini kira ta bango.

"Murafan tukwanena sai rawa suke!" na ce. "Ka rage, bawan Allah!"

"Yauwa! Ƙiba ya yi yawa ke nan."

Shekara tara muna haɗa bango a Kubwa, shi yana gyaran sautin waƙoƙin mutane, ni ina ɗinki. Da farko har ƙararsa na kai wurin mai gida. Daga baya mutumin nan ya mayar da ni ma'auninsa, ko kunya babu. A bakinsa, kiɗa mai ƙiba shi ne wanda gangarsa ke dukan ƙirji. Mai zafi kuwa ya wuce kima, har lasifika na kakari. In waƙa ta yi daidai, sai ya ce ta zauna.

Wannan karon waƙar da 'yarsa Perpetual ta rera don aurenta ce. Saura kwana shida biki, ga ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, likita ya sallamo shi gida. Kunnensa na hagu ma ya daina ji. Tsoronmu ɗaya ni da shi: kada ya tafi waƙar ba ta zauna ba.

Na bar keken ɗinki na shiga. Matarsa Justina ta tokare shi da filo uku a gaban kwamfuta.

"Ke ne kunnena yau," ya ce. "Muryar amarya fa?"

"Ganga ta danne ta."

"Kin gani, Justina? Injiniya ne wannan, ɗinki ɓata lokaci ne!"

Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Kwana huɗu muna abu ɗaya, ya ɗaga, in ce da zafi, ya sauke. Ranar Alhamis da la'asar na ce, "Oga, ta zauna." Wallahi sai da na yi hawaye don daɗi.

Ranar Asabar a kan kujera aka kai shi wurin biki. Mai sa kiɗa ya murɗa sautin waƙar har ƙarshe. Oga ya ɗaga sanda. "Kai! Zafi! Za ka ƙona mini waƙa!" Aka rage, Perpetual ta cashe a gabansa, yana ta kaɗa kai.

Talata da hantsi Justina ta leƙo ta yafito ni. Na tarar ya cika. Wayarsa na kan ƙirjinsa, muryar Perpetual na fita a hankali, sai da muka sunkuya muka ji.