Ruwa a Ƙarƙashin Kwalta

Sau huɗu Ja'afaru yana mayar da hoton baya a kwamfutarsa, sau huɗu yana ganin abu ɗaya. Ƙarfe biyu da kwata na rana, tirela ɗauke da buhunan shinkafa ta taho daga hanyar gabas. Tana isowa tsakiyar mararraba sai ta karkace hagu, kamar mai kauce wa mutum. Babu kowa a wurin. Babu rami, babu dutse, kwalta ce kawai shimfiɗe tana sheƙi a rana. A-daidaita-sahun da ke biye da ita ya kauce. Mai babur ya kauce. Har wani bunsuru da ya taho a guje ya tsaya cak, ya shinshina iska, ya kewaye.

Kwana uku ke nan da ya ɗaure kyamara a jikin falwaya don ƙirga ababen hawa. Aikin da ya dawo da shi gida ke nan. Hukuma ta ɗauki kamfanin injiniyoyin da yake wa aiki a Kano domin su zana yadda za a sake fasalin Mararrabar Gana, inda hanyoyi huɗu suka haɗu a gefen Haɗeja. Mutum goma sha ɗaya ta ci cikin shekara biyu. Da aka tambayi wanda za a tura, shi ya fara ɗaga hannu, don ɗaya daga cikin sha ɗayan Adila ce, 'yar yayarsa Saudatu, mai shekara tara.

Ya bar hoton ya ci gaba. Ƙarfe biyu da rabi wata mata cikin hijabi ruwan toka ta fito daga layin masu banda. Tafiyar ya gane kafin fuskar. Yaya Saudatu ce. Ta tsallaka ita kaɗai zuwa ɓangaren makaranta, ta sunkuya, ta gyara wuyan hijabin da ba ya nan. Sannan ta miƙa hannu ƙasa, ta rufe yatsunta a kan iska, ta juyo da gajeren taku irin na mai tafe da yarinya. Wani direban bas ya tsaya mata. Ta wuce, amma bai ja motarsa ba sai da ya ƙara jira kaɗan, kamar wanda ya ga mutum biyu.

Ya buɗe na jiya. Haka. Na shekaranjiya ma haka.

"Auta," muryarta ta zo daga tsakar gida, "abincinka na hucewa."

Ya rufe kwamfutar a hankali.

*

Malam Inuwa mai faci ya fi shekara talatin a inuwar darbejiyar da ke kusurwar mararrabar. Bai ɗago daga tayar da yake ɓarewa ba lokacin da Ja'afaru ya tambaye shi.

"Kai ne na uku, Injiniya. Na farko sun zo da riguna masu ƙyalli, suka auna, suka ɗauki hoto. Na biyu ko gilashin mota ba su sauke ba."

"Baba, me direbobi suke kauce wa a tsakiyar can?"

"Ya danganta da wanda ka tambaya. Wasu za su ce maka mutanen ɓoye ne. An yi saukar Alƙur'ani a nan har sau biyu." Ya goge hannu a jikin rigarsa. "Ni dai abin da na sani, tun shekarar da ambaliya ta kwana goma sha biyu a kan titin nan, duk mai nauyin da ya taka wurin sai ya ji ƙasa ta numfasa a ƙarƙashinsa. Wanda ya ji sau ɗaya ba ya so ya sake. Sai su kauce. To, inda suke kaucewar, nan ne mutane suke tsallakawa."

Ja'afaru ya ari wani guntun rodi. Malam Inuwa ya ɗauki jan ƙyalle ya shiga titi ya tsayar da motoci. Ja'afaru ya fara daga gefe yana buga kwalta, taku bayan taku. Sauti a toshe, a toshe, a toshe. Da ya kai tsakiya sai ta amsa masa kamar ganga.

Ya durƙusa. Rana tsaka ce, ko'ina kwalta na ƙona ƙafa, amma nan sanyi ƙalau take kamar bakin randa. Ya kara kunnensa. Da fari bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Can sai ya jiyo shi, nesa, ƙasa, yana tafiya a hankali ba ya sauri. Ruwa ne. Yana shiga wani wuri yana fita, kamar numfashin mai barci. Da ya ɗago, ya ga masu banda da 'yan acaɓa duk sun yi shiru suna kallonsa, babu wanda ya yi dariya.

"Muna yara a nan muke kamun tarwaɗa," in ji Malam Inuwa bayan sun koma inuwa. "Reshen kogi ne. Da za a yi titi aka cike shi da ƙasa, aka sa masa 'yar kwalbati. Ka duba ko za ka ga bakin kwalbatin yanzu."

Ya duba har la'asar. Bai gani ba.

*

"Ja'afaru, ka wahalar da kanka," in ji Injiniya Abdulmannan, shugaban kamfanin, ta waya. "Zane ai an gama. Tun makon jiya muka miƙa. Na tura maka, ka buɗe."

Ya buɗe. Shataletale ne mai faɗi, da furanni a tsakiya. Ya ja hoton ya ƙara masa girma. A gefen dama an zana wani tudu da layin dogo na bi ta gindinsa. Alhali babu tudu ko ɗaya a Mararrabar Gana. A can ƙasa, inda aka manta ba a goge ba, sunan wani titi ne na wani gari mai nisa. Ƙarƙashinsa kuma sunansa ne, Ja'afaru, da sa hannunsa da aka kwafo daga wata takarda.

"Yallaɓai, ƙasan wurin kogo ne. Ruwa ke gudu a ciki. In aka ɗora wannan a kai, wata rana zai rufta da mutane."

"Sama aka ɗauke mu mu zana, ba ƙasa ba."

"To a cire sunana."

Injiniya Abdulmannan ya tausasa murya. "Sunan naka ai shi ya ba mu aikin. Sun ce suna son ɗan gari, wanda ya san wurin. Ranar Alhamis za a ƙaddamar. Ka nemi farar shadda."

Washegari ya rubuta abin da ya gani shafi shida, ya kai da kansa ofishin da ya ba da aikin. Ma'aikacin da ke karɓar takardu ya buga masa hatimi da fara'a, ya buɗe wani kabad na ƙarfe. Warin funfuna ya fito. Rahotannin kamfanonin baya ne a ciki, sun kumbura, gefensu ya yi baƙi. Ja'afaru ya roƙi a ba shi na farkon ya leƙa. A shafi na ƙarshe, wani da bai sa sunansa ba ya rubuta da biro: A tona tsakiya kafin a yi komai, akwai ruwa.

Ma'aikacin ya karɓa, ya ɗora na Ja'afaru a kai, ya tura ƙofar da gwiwa.

*

Ya sami Yaya Saudatu a gindin murhu tana tsintar shinkafa. Ya zauna a kan turmi.

"Yaya, na gan ki a hoton."

"Na san za ka gan ni." Ba ta ɗago ba. "Kada ka ɗauka hankalina ne ya taɓu. Na san inda Adila take, da idona na ga an fita da ita. Ranar na makara zuwa ɗauko ta daga makaranta. Tukunya ce a wuta, na ce bari ta tsotse. Ta gaji da jira ta taho." Ta jefar da wata tsakuwa. "In lokacin ya yi, ƙafafuna ba sa yarda su zauna. Kuma in na riƙo ta, Auta, hannuna nauyi yake yi."

Ya kalli hannun. Siriri ne, duk jijiya.

"An ce jiya ka kwanta a titi," ta ce. "Ka ji shi?"

"Na ji."

"Direban da ya buge ta ma haka ya ce. Yana kuka yana cewa ƙasa ce ta motsa. Babu wanda ya yarda da shi, har ni." Sai yanzu ta dube shi. "Za a gyara?"

Ya so ya ce mata eh. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, bai taɓa iya yi mata ƙarya ta zauna ba.

"Na kai takarda," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinta.

*

Ranar Alhamis da safe saƙo ya shigo wayarsa cewa kamfani ya dakatar da shi sai yadda hali ya yi. Duk da haka ya je, cikin tsohuwar rigarsa, ya tsaya can baya. Aka kafa rumfa, aka yi jawabai. Sau uku mai magana yana ambaton sunansa, ɗan gari wanda ya dawo ya share wa mahaifarsa hawaye. Mutane suka waiga suna nemansa. Malam Inuwa kaɗai ya san inda yake tsaye, shi kuwa bai waiga ba.

Aka janye wani farin yadi, ƙaton allo ya bayyana a kan ƙafafun ƙarfe, ɗauke da hoton mararrabar da za a gina. An kafa shi a kusurwar gabas, daidai inda mai tsallakawa yake leƙa ko mota na tafe. Aka tafa, aka shiga motoci, kowannensu ya kauce wa tsakiya a hanyar fita.

Bayan an naɗe rumfa aka tashi makaranta. Yara suka yo kan allon a guje, suka taru a gabansa har kan kwalta, kawuna a sama. A hoton komai tsaf yake, furanni ja da rawaya, mutane na tsallakawa a natse. Ba a yi musu fuska ba, fari ne kawai a inda ido da baki za su kasance.

"Wannan ni ce," wata ƙarama ta ce, tana nuna ɗaya da yatsa.

"Ƙarya ne, ni ce."

Ja'afaru ya fara takowa wajensu, yana ɗaga hannu. Daga bayan allon, inda ido ba ya kaiwa yanzu, ƙugin tirela ya fara tasowa.