Lambros Ɗin Wa?

"Ni ban zagi kowa ba," in ji Asimina, tana kaɗa ragowar gahawa a gindin kofi. "Cewa kawai na yi ƙasa ta ƙi cin sa. Ni na hana ta?"

"Ɗaga murya, faccala. Matan can baya ba su ji ba."

"Sun ji, Garufalia, sun ma gani. Mijina da aka tono shi ƙashin nan fes, rawaya kamar kakin zuma, fadan coci da kansa sai da ya tsaya kallo. Naki kuwa an buɗe, an mayar an rufe. Ke kika zauna da shi, ke kika san abin da ya aikata."

A ɗakin taro na coci ta gaya mini haka, ranar da muka je kwashe ƙasusuwan mijina. Ya yi 'yan shekarunsa a ƙasa kamar kowa, lokaci ya yi da za a tono shi, a wanke ƙashin da ruwan inabi, a zuba a akwati a kai ɗakin ƙasusuwa. Na zo da farin ƙyallena da kwalbata. Ana ɗaga murfi sai ga mutumin nan bai gama narkewa ba. Mai haƙa ya ce laka ce, wannan gefen na maƙabarta ruwa yake riƙewa, ga kuma magungunan da likitoci suka ɗura masa kafin ya cika. Wa zai saurari mai haƙa? A garinmu in ƙasa ta ƙi mutum, zunubi gare shi, an gama magana.

Daga ranar Asimina ta samu abin yi. A gidan burodi, a bakin famfo, a ƙofar coci, ba ta da zance sai ƙashin mijinta da naman nawa. Har birnin Atina maganar ta kai, 'yata da ke can ta bugo waya tana kuka. Ni kuwa ban yi kuka ba. Na zauna ina ɓare wake, ina neman inda zan kama matar nan ta daina auna mini gawa.

Mijina da mijinta 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma dukansu 'yan fari, saboda haka dukansu suka ci sunan kakansu. Lambros Kutsuris nawa, Lambros Kutsuris nata. Mai kai wasiƙa ya sha wahalarsu har ya yi ritaya. A gari dai ana cewa Lambros na tumaki da Lambros na alƙalami. Nata ne na alƙalami, shi ke rubuta wa mutane takardun gwamnati, shi ke rera waƙa a coci, ga rowa, ko ashana sai ya tsaga biyu. Nawa kuwa kowa ya san alamar gicciye yake zanawa in an ce ya sa hannu.

Abin da gari bai sani ba, nawa ya koyo rubuta sunansa a soja, kunyar munin rubutun ce ta sa yake ɓoyewa. Wata ranar idi, muna sabon aure, ya sha ya yi tatul, ya faɗa mini da bakinsa cewa lokacin da ake baikonmu ya hau Ginshiƙai da ƙusa, ya sassaƙa sunansa a dutse saboda Lemonia, 'yar mai injin niƙa. Ginshiƙai muke ce wa tsohon haikalin nan na kan dutse, inda baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Na hau na gani da idona. Ga sunansa, ga nata a ƙasa, a jikin wani guntun ginshiƙi da ya faɗi ta gabas. Da rana ba ka ganin komai sai gansakuka, amma in hantsi ya bugo dutsen daga gefe, haruffan nan sai su tashi da inuwarsu. Ya biya. Ya ci miya ba gishiri har sai da ya manta ɗanɗanonsa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ni da ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai biyu sai na kai labari.

Sai ga ƙungiyar tsofaffi ta shirya kai mu Ginshiƙai da sassafe, da mota da mai yi mana bayani. Asimina ta ce ita da baƙaƙen kayan takabarta ba ta shiga gidan gumaka. Na je na gaya wa matar mai burodi, a asirce, cewa gwiwar Asimina ce ta mutu, hawan ne ba za ta iya ba. Kafin yamma Asimina ta ce a tafi da ita.

Muka taru a dandali gari bai gama wayewa ba, kowa da sandarta da ƙunshin cuku da zaitun. Mai bayanin wata yarinya ce daga birnin Patra, Ismini, da hula da ƙaramar lasifika a wuya. Akwai kuma wasu baƙi mata da miji 'yan Holan, dogaye, an haɗa mu da su don mota ta cika. Direba ya tayar ke nan sai aka buga ƙofa. Lemonia. Ni na ɗauka tana Jamus wurin ɗanta, ashe ta dawo. Ta shigo da jan gashinta na rini da warin taba, ta wuce ta zauna a baya. Duk duniya, ban da ni, ita kaɗai ta san wane Lambros ne ya riƙe ƙusar nan. Na yi tunanin in fasa. Sai na ji Asimina a kujerar gaba tana gaya wa direba yadda ƙashin mijinta ya fito, na ce a raina ko me zai faru ya faru.

Allah ya taimake ni a bakin ƙofar shiga. Lemonia ta dubi hawan, ta ce ta ga duwatsun nan tun tana da haƙoranta, ta shige ɗan shagon gahawa na gindin dutse ta ce ma same ta.

Muka hau. Sanyi yana cizon kunne, ƙaya tana kama mana siket, ƙararrawar awaki can ƙasa. Ismini tana gaba tana ta zuba, wai a nan ake yanka bijimai, wai ginshiƙan nan cikinsu ya ɗan kumbura da gangan don ido ya gan su a miƙe. Wata ta ce to ashe ita ma da gangan aka yi ta. Asimina tana haki tana dafa sanda, amma ba ta yarda ta zauna ba, saboda ina kallonta. Rana ta leƙo ta bayan tsauni, ginshiƙan suka yi ja. 'Yan Holan suka rungume juna. Ni idona yana gabas.

Yarinyar ta kai mu ta nuna mana sunayen da matafiya na da suka sassaƙa, tana cewa ɓarna ce, yanzu wanda aka kama sai kotu. Na matsa kusa da guntun ginshiƙina, na zauna a gefensa kamar na gaji, na goge gansakukar da bakin siket ɗina.

"'Yata, zo ki duba mini. Nan ma kamar rubutu. Na mutanen da ne?"

Ta zo ta durƙusa, lasifikar tana bakinta. "A'a, Mama Garufalia, wannan bai tsufa ba. Lambros Kutsuris. A ƙasa kuma, Lemonia. Ga ma zanen zuciya."

Maganar ta fita ta lasifika, ta bugi ginshiƙai ta dawo. Matan nan suka matso kamar kaji an watsa tsaba.

"Ikon Allah," na ce. "To nawa dai, Allah ya jiƙansa, gicciye yake zanawa. Kun sani."

Ba wanda ya dubi Asimina, kuma kowa ita yake kallo. Ta sunkuya ta sa tabarau, ta bi haruffan da yatsa. Na sama a karkace suke kamar tafiyar ɗan maye, na ƙasa kuwa a jere, da ɗan lanƙwasa a wutsiya. A kan na ƙasan yatsanta ya tsaya. Ni a lokacin ban kula ba, daɗi ya rufe mini ido.

"Akwai Lambros Kutsuris a ƙauyen ƙetare," in ji ta.

"Akwai. Yana da shekara nawa, faccala? Bana aka yaye shi."

Baƙon nan ɗan Holan ya tambayi Ismini abin da ke faruwa, ta ce masa wani abu da yarensu, ya ɗaga kyamara ya ɗauki dutsen. Sauran bayanin ba wanda ya ji. Yarinyar tana maganar rufin da ya rushe, mu muna lissafin shekarun da Lemonia ta yi kafin ta tafi Jamus.

Asimina ce ta fara sauka, gwiwar ta warke. Na bi ta da sauri, don na san inda za ta. Muka tarar da Lemonia a shagon, ta miƙe ƙafa a kan kujera, ga gahawa ga ragowar fanke da zuma. Matan suka cika ɗakin har mai shagon ya rasa ta inda zai bi da tire.

"Ke," in ji Asimina. "Sunanki na can a dutse da na Lambros."

"Har yanzu? Ashe ƙusar ta kirki ce."

"Wanne ne? Faɗi a gaban mutane."

Lemonia ta dube ni. Na dubi kwanon sukari.

"Na Garufalia ne ya hau da ƙusa," ta ce. "Yana yi yana gumi, harshe a waje."

Asimina ta juyo, fuskar nan ta buɗe. "Kun ji ko? Ai na faɗa. Ta jawo mu kan dutse da asuba don ta shafa wa bawan Allah baƙi, ashe nata ne. Gicciye yake zanawa, wai. To ga dalilin da ƙasa ta tofo shi. Ni nawa ko ido bai taɓa ɗagawa ya dubi irin wannan ba."

Na riga na ga kaina a gidan burodi gobe.

"Irin wannan," in ji Lemonia. Ta sauke ƙafarta, ta lashe zumar yatsanta. "Zauna, Asimina, ban gama ba. Nata sunansa kaɗai ya iya. Ya gama, ya tsaya yana kallon dutse, bai san ta inda ake fara Lemonia ba. Sai ya ce bari ya kira ɗan'uwansa mai ilimi ya ƙarasa masa. Washegari naki ya zo, shi kaɗai, ya ce wancan tumaki sun riƙe shi. Ya rubuta nawa, ya ƙara zuciya ba a sa shi ba. Na ce to kai ba za ka sa naka ba? Ya ce ai ga shi nan an riga an rubuta, don me zai ɓata ƙusa."

Wata ta ƙware da gahawa. Matar mai burodi ta ce, a hankali, "Shi ne. Na rantse shi ne."

"Ƙarya kike," in ji Asimina.

"Ke kika san hannunsa, kin kuma gani. Nata sau ɗaya ya riƙe mini hannu, ya gudu kamar an biyo shi. Naki kuwa duk bazarar nan yana hawa duba rubutu. Kina da cikin babbarki lokacin, kina aiko shi neman ganyen shayi na kan dutse. Yana kawo miki kuwa, ni nake tsinka."

Ni kaina ban san wannan ba. Na zo da ƙarya a ƙunshe, ashe rabinta gaskiya ce. An dai ji na mijina, ba zan iya mayar da shi ba, amma riƙon hannu ɗaya ne, kuma ya biya tun yana da rai. Na jawo kujera na zauna kusa da Lemonia, matar da na yi shekaru ina tsallaka titi in na hango ta, na ce wa mai shago ya kawo mata wani fanken.

"To faccala," na ce, "sai ki koma ki tambayi ƙasar. Ko dai ita ma sunan ne ya rikita ta, ta ci wanda ya kamata ta bari?"

Asimina ta waiga. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda za ta tsaya mata, kowacce ta samu abin gyarawa a ɗankwalinta. Ismini ta leƙo tana cewa mota za ta tashi, saura gidan tarihi da abincin rana.

"Ku je," in ji Asimina. "Da ƙafa zan koma."

"Da wannan gwiwar?"

Ta ɗauki sandarta, ta ture kujerar ɗan Holan, ta fita, ta maka ƙofar har kofuna suka yi ƙara a kan kanta.