Dangwalin Leda

Shekara goma sha ɗaya, duk kaka, da an gama kwashe dammunan hatsi, shanun su Dado a gonar Lantana suke sauka, can gabas da Falanko. Shanu su ci kara su bar taki, Lantana ta auna wa Dado hatsi, Dado ta cika mata ƙwarya da nono. Amma in za a faɗi gaskiya, ba takin ne ya fi damun Lantana ba. Tun rasuwar mijinta, babu mai sa ta dariya har ta riƙe ciki sai wannan doguwar Bafulatana mai tsokanar tsiya.

Lantana ce ta ɓata abin da hannunta, kuma ta sani. Wata shekara ta ga maƙwabta suna kwaso shara daga jujin kasuwa suna zubawa a gona, sai haɗama ta kama ta, ita ma ta sa aka kai mata amalanke shida. Ko tacewa ba ta yi ba. Hatsi ya yi kyau, wannan kam ba ƙarya, amma da aka girbe sai ga baƙar leda ko'ina a gindin kara, wata da maiƙon ƙosai, wata da ɗanɗanon gishiri. Saniya kuwa in ta ji gishiri ba ta tsayawa tambaya.

Dado tana da wata jar saniya, jikar wadda mahaifinta ya ba ta ranar aurenta. Ita ce ta fara ramewa, ciki a kumbure, ta daina tuƙa. Da aka ga ba za ta tashi ba aka yanka ta, sai ga curin leda a tumbinta ya kai girman tulu. Dado ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi! Ta dubi curin, ta dubi Lantana, ta juya ta hau kwance bukkarta. Kafin azahar babu kowa a gonar sai ramukan turaku.

Kaka uku ke nan. Duk sanda Lantana ta ji kukan shanu daga arewa sai ta saki taɓarya ta fito bakin danga, garke ya zo ya wuce, ba nasu ba. Ta sayi nono a kasuwa, ta dama fura, ta ji ba ta sauka. Kewa ce, kuma ta daina ɓoye wa kanta.

Sai ta huce a kan gonar. Kullum da hantsi tana duƙe da buhu, tana tsintar leda kunya bayan kunya, har mata masu zuwa rijiya suka ce Lantana ta koma kiwon leda. Ta haƙa rami a bayan gida kamar yadda ta ga matan wata ƙungiya suna yi a Tanut: toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ruwan wanke-wanke, a rufe ya ruɓe. Komai sai ta tace shi kafin ya taka gona.

Ledar da ta tara ce ta rasa yadda za ta yi da ita. Ta ƙona, hayaƙin ya kwana uku a maƙogwaronta. Ta binne, awaki suka tono. Rannan tana zaune ta ja guda ta murza a cinya kamar kaba, ta ga ta murɗu. Ta wanke sauran, ta tsaga, ta tufka tamau har haƙori ba ya kama ta. Ba ta ce ga abin da take yi ba, amma hannunta ya sani: dangwali ne, doguwar igiyar da Fulani ke jera maruƙa a kai lokacin tatsa. Madauki tara ta yi masa, don maruƙa tara Dado ta tafi da su.

Ta sami Balki mai sayar da kanwa, wadda ke cin kasuwanni har wajen Tenhiya, ta ba ta saƙo: "In kin ga Dado ki ce mata gona ta yi tsabta. Kar ki ƙara komai."

Aka girbe, aka kwashe, shiru. Makiyaya biyu suka nemi sauka, ta hana su, kara yana ta bushewa a banza.

Ranar wata Laraba da la'asar ta hango mace ita kaɗai a tsakiyar gona, tana tafe tana tonon gindin kara da sanda. Tsawon kawai ta gani, ta san Dado ce. Ta suri dangwalin ta tafi, ta tsaya nesa kaɗan. Dado ta rame, furfura ta fito mata. Sai da ta bi gonar gusum da arewa sannan ta iso.

"Sannu, ƙawa," in ji Lantana.

"Kin tsufa, Bahaushiya."

"Ke ma ba a bar ki ba."

Ta miƙa igiyar. Dado ta karɓa, ta ja da ƙarfi, ta sa haƙori ta gwada, ta gane ko da me aka yi ta. Sannan ta bi madaukan da yatsa tana ƙirgawa.

"Tara kika yi."

"Tara na sani."

"Huɗu ne yanzu. Fari ma ya ci mu a arewa, ba ledarki kaɗai ba." Ta ɗaga sanda ta yi wa mijinta alama, can bakin hanya inda ɗan garken ke jira. "Ina turakunki?"

Tare suka kafa su, a inda tsofaffin ramukan suke. Dado ta ɗaure maruƙanta huɗu. Lantana ta duƙa za ta naɗe ragowar igiyar, don ganin madaukai biyar kwance babu komai a ciki yana sukar ta.

Dado ta taka igiyar da ƙafa.

"Bar su a buɗe," ta ce. "Baɗi ma nan za mu sauka."